Wasiƙun Masu Karatu: Zanen Anime a Waya da Launin Fatarmu

Wasiƙun da suka iso wannan fili a ƴan makonnin nan kusan bakinsu ɗaya ne, domin duk a kan zanen taurarin anime da sanya masu launi a waya ko a kwamfuta suke tambaya. Ga wanda kalmar ta zame masa baƙuwa, anime shi ne sunan da ake kiran finafinan zane na ƙasar Japan da shi, manga kuma su ne littattafan labari cikin zane waɗanda da yawa daga finafinan suka samo tushe daga gare su. Yaran Damagaram da suka tashi suna kallonsu a talabijin da wayoyin yayyensu yau sun zama samari da ƴan mata, kallo kaɗai ya daina isar su, suna so hannunsu ma ya fitar da gwanayen da suke ƙauna. Na zaɓi wasiƙu biyar na taƙaita su, sunayen masu su kuma na sakaya kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a unguwar Garin Malam. Tun ina firamare nake zane a takarda, amma da na koma waya sai layina ya riƙa karkarwa kamar hannun mai jin sanyi. Abokaina sun ce sai na sayi allon zane mai alƙalami. Shin in dakata har in tara kuɗinsa?

Amsa: Ƙanena, kada ka dakata, kuma kada ka kashe ko jaka ɗaya tukuna. Allon zane irin na kamfanonin Wacom da Huion da XP-Pen yana da amfani na gaske, domin alƙalaminsa yana jin nauyin hannu, idan ka danna layi ya yi kauri, idan ka sassauta ya sirance, amma ba shi ne maganin abin da ke damunka ba. Gilashin waya santsi gare shi, ba kamar takarda mai riƙe bakin fensir ba, yatsa kuma yana rufe maka wurin da layin ke fita, sannan tsoron kuskure yana sa ka ja hannu a hankali, alhali kuwa daga jan hannu a hankali karkarwar ke shigowa. Manhajar ibisPaint X, wadda wani kamfanin Japan ya ƙera kuma ake sauke ta kyauta, tana da ma'aunin daidaita layi mai gyara ƙananan rawar hannu, haka ma MediBang Paint, haka ma Krita ga mai kwamfuta. Ka ɗaga ma'aunin zuwa tsakiya, ka faɗaɗa wurin da kake aiki a kansa, ka juya shafin da yatsu biyu har lanƙwasar da kake son ja ta dace da yadda hannunka ya saba tafiya, sannan ka ja layin a bugu ɗaya da sauri. Idan bai yi ba ka soke shi ka sake. Ni kaina nakan ja layin haɓa sau goma kafin in bar ɗaya.

Abin da ya fi alƙalami muhimmanci a gare ka yanzu shi ne ka fahimci aikin falle. Ka ɗauka takardu ne garai-garai aka jera ɗaya bisa ɗaya, ana hango na ƙasa ta cikin na sama, amma abin da ka zana a wannan ba ya taɓa wancan. A fallen farko ka yi shaci da shuɗi mai haske: da'irar kai, layin da ya raba fuska biyu daga goshi zuwa haɓa, da wani a kwance inda idanu za su zauna, ka bar faɗin ido ɗaya tsakanin idanun biyu. Tsawon jikin babban mutum ya kai kamar kansa bakwai zuwa bakwai da rabi, masu anime kuwa sukan rage ko su ƙara da gangan, har su mayar da shi kai biyu ko uku a gajerun zanen ban dariya. Kafin ka wuce shaci, ka juya zanen kamar yadda madubi ke juya fuska, nan take za ka ga ido ɗaya ya haura ɗaya ko haɓa ta karkace, abin da idonka ya saba da shi har ya daina gani. Bayan ka gyara sai ka dusashe fallen shacin, ka buɗe sabo a samansa domin layin tawada, na gefen jiki ya fi na cikin fuska kauri.

Idan yatsa ya ishe ka, ka ɗauki audugar goge kunne ka naɗe sandarta da takardar alminiyam yadda za ta taɓa audugar ta kuma taɓa yatsunka, ka ɗan jiƙa bakin kaɗan. Gilashin waya ɗan lantarkin jikin mutum yake ji, shi ya sa wannan ke aiki fensir kuwa ba ya yi. Sai kuma adana aiki. A bazara waya na ɗaukar zafi, wuta na yawan ɗaukewa, kuma na taɓa rasa aikin kwana huɗu a watan Afrilu ranar da wayata ta mutu ba ta sake tashi ba. Tun daga nan ba na kwanciya sai na fitar da kwafin abin da na zana zuwa katin ajiya.

Tambaya: Malam, ni budurwa ce daga Birni. Na zana wata jarumar anime da nake so, na mayar da ita baƙar fata kamar mu, na ɗaura mata ɗankwali. Layin ya yi kyau, amma da na sa launi sai fuskar ta koma kamar an shafa mata toka ko laka. Na bi darussan bidiyo da yawa, abin bai gyaru ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ƙanwata, wasiƙarki ce ta fi tsaya mini a rai, domin wannan matsala ta daɗe tana sa masu zanenmu su karaya su koma zana fararen fuskoki kaɗai, suna zaton launinmu ne bai dace da salon ba. Ya dace ƙwarai. Bari mu fara da asalin salon kansa.

Kafin zuwan kwamfuta, a kan faifan roba garai-garai ake zana finafinan nan, layin a gaba, fenti kuma a shafa shi ta baya. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka lokacin da Osamu Tezuka, mashahurin mai zanen manga na Japan, ya fara fitar da shirinsa na anime a talabijin kowane mako a 1963, dole aka rage yawan zanen da ake yi, aka kuma taƙaita launuka yadda masu fenti da yawa za su shafa iri ɗaya ba tare da saɓani ba. Daga irin wannan aiki ne salon da kike gani ya kafu: kowane sashe na jiki yana da launin tushe guda, da inuwa guda mai kaifin baki, wani lokaci da ɗan ƙyalli. Tun da launukan ba su da yawa, kowanne yana ɗauke da nauyi, kuma kafin a shafa ko ɗaya sai an yanke shawarar inda haske ke fitowa.

Yawancin darussan da kika bi da farar fata aka koyar da su. A kan farar fata inuwa ce ke fitar da siffar fuska, sai mai koyo ya ɗauka cewa sanya launi shi ne ƙara duhu. Da kika kawo wannan dabara kan fatar da dama mai duhu ce, kika jawo inuwarki daga baƙi, sai jinin launin ya mutu, abin da ya rage shi ne tokar da kika gani. A kan baƙar fata haske ne ke fitar da siffa fiye da inuwa.

Wata la'asar na zauna a wani lungu na unguwarku kusa da wani baduku yana ɗinkin jaka, na ajiye waya na tsaya ina kallon fuskarsa kawai. Mutumin baƙi ne sosai, irin wanda da an ce in zana shi da ka, launi ɗaya mai duhu zan ɗauko in shafe. Amma goshinsa da ke fuskantar sama ya ɗauki wani shuɗi-shuɗi mai sanyi daga sararin samaniya. Kuncinsa na ɓangaren rana ya yi ruwan zuma. Ƙarƙashin haɓarsa, inda na zaci duhu ne zalla, ja-ja ne, domin jar katangar da ke gefensa da ƙasar da yake zaune a kai suna mayar masa da haske. Da ya ɗaga hannu zai ja zare, tafin ya fi bayan hannun haske nesa ba kusa ba. Baƙi na ainihi ban same shi ba sai a ƙwayar ido da ƙofar hanci da ƙarƙashin bakin hula. Abin da na koya a wannan zama ya fi abin da na koya a darussan watanni.

Ga yadda nake yi tun daga lokacin. Da farko ina cire farin bayan shafin in sa ruwan toka matsakaici, domin a kan fari kowane launi yana bayyana da duhu fiye da yadda yake, sai mutum ya yi ta ruɗewa. Launin tushe ina ɗauko shi daga tsakanin ja da ruwan goro, mai rai, kuma ba na kai shi duhun da zai haɗiye layin hanci da baki. Ina shafa shi a falle na ƙarƙashin tawada. Idan kika cika da bokiti, wato abin zuba launi na cikin manhajar, kika ga wani siririn fari ya zagaye layi, ki ƙara ma'aunin faɗaɗa cikawa yadda launin zai shige ƙarƙashin layin kaɗan.

Inuwa tana da nata falle a saman na tushe, a maƙala shi da shi yadda launi ba zai tsallake gefen fuska ba, a kuma saita shi a tsarin ninkawa, wanda ke haɗa launin sama da na ƙasa ya ba da mai duhu ba tare da ya shafe shi ba. Launin inuwar kada ya zama baƙi ko toka. Ki nemi wani abu tsakanin makuba da shunayya, ki shafa shi ƙarƙashin ɗankwali, da ƙarƙashin haɓa, da gefen fuskar da ya ba rana baya, bakinsa kuma ya fita tsaf ba tare da an murje shi ba. Sai falle na uku, wanda a wurina shi ne ran zanen: haske a goshi, da karan hanci, da saman kumatu, da leɓen ƙasa. Idan jarumar tana waje da la'asar ki sa shi ruwan zuma, idan a inuwar zaure take ki karkata shi zuwa shuɗi. Jan kumatu da ake yi wa taurarin anime da ruwan hoda, a fatarmu ja mai zurfi ko ruwan goro ya fi zama. Layukan cikin fuska kuma ki sauya su daga baƙi zuwa ruwan ƙasa mai duhu da ɗan ja, za ki ga fuskar ta yi laushi. Idan kin gama, ki mayar da zanen baƙi da fari na ɗan lokaci. In har ana rarrabe tushe da inuwa da haske a haka, to launukan sun zauna.

Kada kuma ki manta garinmu ba haske ɗaya gare shi ba. A hunturu, idan hazo ya rufe gari, inuwa takan yi laushi, launuka su dusashe, duwatsun nesa su koma fari-fari. A bazara da tsakar rana inuwa gajeriya ce mai kaifi, tana taruwa ƙarƙashin gira da hanci. Ki zaɓi lokaci ɗaya ki tsaya a kansa. Kitso ki fara da tsagar, ki ɗauki kowane jere a matsayin dunƙule ɗaya mai haskensa da inuwarsa, ba gashi ɗaya-ɗaya ba. Zanen atamfa ya lanƙwasa tare da ninkin zane, idan ya miƙe sambal sai ya yi kama da an manna takarda. Bayan jarumar kuwa, ga bangayen Birni da zanen dagi a kansu, ba sai kin aro titin Tokyo ba.

Tambaya: Malam, daga Zango nake. Ina buga zanen taurarin anime a jikin riguna, ina so in fara kai su Kasuwar Dole. Wasu hotunan nakan ɗora falle a kansu in bi layinsu. Akwai laifi?

Amsa: Ƙanena, abu biyu ka haɗa. Bin layin zanen wani hanya ce ta koyo, kamar yadda almajiri ke bin rubutun malaminsa a allo, amma abin da ya fito ba naka ba ne, bai kamata ka sa masa hannu ko ka sayar da shi ba. Akwai mutumin da ya kwana yana jan waɗannan layuka. Idan koyo kake so, ka ajiye hoton a gefe ka dube shi ka zana, domin ta haka ne ido ke koyon awo.

Tauraron kansa kuwa, ko da hannunka ka zana shi daga farko, mallakin marubucinsa ne da kamfanin da ya wallafa shi. Gaskiya ne a Japan akwai babbar kasuwar masoya da ake kira Comiket, wadda ake ci a Tokyo tun 1975, inda masu zane ke sayar da littattafan da suka yi da taurarin wasu. Kamfanoni suna kawar da kai ne saboda hakan yana ƙara wa labaransu farin jini, amma kawaici ne suke yi, kuma suna iya hanawa duk ranar da suka ga dama, musamman idan abin ya zama buga kaya da yawa domin ciniki. Mu ma nan muna da dokar haƙƙin mallaka: Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka da aka kafa da yarjejeniyar birnin Bangi ta 1977, tana kuma da hukumar BNDA mai kula da haƙƙin masu fasaha, kuma ita wannan doka ce za ta tsaya maka ranar da wani ya kwashi naka zanen.

Shawarata ita ce ka bar taurarin Japan su zama makarantarka da abin nishaɗinka, ka nuna su kyauta tare da faɗin labarin da suka fito. Abin sayarwa ka ƙirƙiri naka. Salo ba mallakin kowa ba ne, don haka kana iya zana ango da amarya a salon anime idan sun nema, ko dogari cikin ja da tsanwa, ko mahayi a hawan Sallah. Da yawa daga labaran da samari ke so a kan yaro ne mai neman zama gwani ta hanyar wahala da horo, to me ya fi ɗan kokawa da ya taso daga ƙauye yana neman takobin ƙasa dacewa da wannan? Ina ganin rigar da ke ɗauke da shi za ta tsayar da mutane a kasuwa fiye da fuskar da suka riga suka gani a ko'ina.

Tambaya: Malam, ni uba ne daga Mirya. Ɗana mai shekara 14 ya duƙufa a kan wannan zane dare da rana. Ina tsoron karatunsa, ina tsoron irin hotunan da yake gani, sannan ga maganar zana mai rai a addini.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, damuwarku tana kan hanya. Anime ba na yara ba ne duka. Akwai na ƙanana, akwai na matasa, akwai kuma wanda aka yi domin manya, mai zubar da jini ko shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, kuma mai neman hoton koyo a intanet yana iya cin karo da kowanne. Abin da ya fi hani amfani shi ne ku zauna kusa da shi ku ce ya nuna maku abin da ya zana a makon, ku tambaye shi labarin kowane, ku kuma yanka masa lokaci bayan ya gama aikin makaranta, wayar ba ta kwana a hannunsa. Yaron da ya san mahaifinsa zai duba aikinsa yakan tace abin da yake zanawa da kansa.

Hukuncin zana mai rai fage ne na malamai, ku je da yaron wurin malamin da kuka amince da iliminsa, ya ji da kunnensa. Abin da zan ƙara daga ɓangaren sana'a shi ne cewa a kamfanonin anime akwai sashe guda na masu zanen wurare kaɗai, gidaje da sararin sama da itatuwa da hanyoyi, ba sa zana mutum. Ƙwarewar launi da haske da yake samu tana aiki a zayyanar tufafi da allunan shaguna da taswirar gini.

Tambaya: Malam, daga Magarya. Zanena yana fita tsaf a wayata, amma idan na tura ta WhatsApp sai ya dushe, da na kai aka buga a takarda kuma sai ya yi duhu.

Amsa: Ƙanwata, WhatsApp yana matse hoto domin ya rage nauyinsa, kuma siraran layuka da jan launi su ne suka fi jin jiki. Ki fitar da zanen a tsarin PNG, wato nau'in adana hoto da ba ya rage ingancinsa, ki tura shi a matsayin takarda ba a matsayin hoto ba, zai isa yadda yake.

Batun bugawa tun daga buɗe shafi yake farawa. Idan takardar A4 kike nufi, ki buɗe shafi mai fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato ɗigo 300 a kowane inci, domin ƙaramin shafi idan aka ja shi daga baya fashewa yake yi. Idan wayar ta yi nauyi da wannan girma, ki riƙa haɗe fallayen da kika gama da su. Duhun kuma dalilinsa shi ne gilashin waya haske yake fitarwa, yana haɗa launuka daga ja da kore da shuɗi, takarda kuwa tawada huɗu take sha, hasken ɗaki kawai take mayarwa, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli da kore mai kaifi ba sa fita kamar yadda kika gan su. Baƙar fata ce ta fi shan wahala a nan, domin tushe da inuwa sukan haɗe su zama abu ɗaya. Ki kashe tsarin dare mai sa allo ya yi rawaya lokacin da kike zaɓen launi, ki yi kwafi na musamman domin bugawa wanda kika ɗan ƙara masa haske, sannan ki roƙi mai injin ya fara buga maki fuskar kaɗai a ƙaramar takarda. Ki fita da ita ƙofar shagon ki duba a hasken rana, idan inuwar ƙarƙashin haɓa ta rabu da launin wuya, sai ki ce ya buga babbar.